An Kama Ni Ina Tuƙi Cikin Maye a Bauchi: Tambayoyi da Amsoshi

Na daɗe ina raka direbobi da danginsu tsakanin caji ofis da kotunan majistare a cikin garin Bauchi. Maganar tuƙi cikin maye ba a kawo mini ita da rana tsaka. Sai bayan isha'i waya za ta shigo, mutum ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce wani abokinsa ne abin ya samu. Na fahimci kunyar, amma na sha ganin yadda take tura mutum ga kuskure na biyu da ya fi na farko tsada: gudu, cin hanci, ɓoye wa iyali har lokaci ya ƙure. Ga tambayoyin da suka fi dawowa. Idan a lamarinka an ji rauni ko an rasa rai, ka fara da tambaya ta 12, sannan ka nemi lauya yau ɗin nan.

1. Me doka take nufi da tuƙi cikin maye?

Dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta 2007, wato hukumar da muke kira 'yan rod sefti, ta kama mutum ta fuska biyu. Ta farko, a samu barasa a jininsa ta haura giram 0.5 a kowace lita, abin da ake rubutawa 0.05 cikin ɗari. Ta biyu, abin da ya sha, giya ce ko ƙwaya, ya kai shi matsayin da ba zai iya sarrafa abin hawa yadda ya kamata ba. Ɗaya daga ciki ta isa.

Ba sai mota na gudu ba. Wanda yake ƙoƙarin tayar da ita, ko yake zaune a mazaunin direba a bakin titi da makulli a hannunsa, yana iya shiga ciki. Kuma babu ruwan dokar da girman abin hawa: ɗan acaɓa, mai Keke Napep, direban tirela da mai motar gida duk ɗaya ne a wurinta.

2. Kwalba nawa ce take kai mutum wannan iyaka?

Babu lissafi ɗaya da ya hau kowa, kuma duk wanda ya ce maka "biyu ba komai" jikinsa yake faɗa maka, ba naka ba. Nauyin mutum, ko ya ci abinci, saurin shan, da ƙarfin abin da aka sha, duk suna canza sakamako. Giyar kwalba yawanci tana da barasa wajen kashi 5 cikin ɗari. Mai zafin nan ta leda da ƙananan robobi tana iya kaiwa kashi 40. Burkutu kuwa babu takarda a jikin ƙwarya, ƙarfinta ya danganta da hannun mai dafawa da kwanan da ta yi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna haɗarin karo yana tashi sosai tun daga 0.04, tun kafin a kai iyakar doka. Abin da barasa take fara taɓawa shi ne auna tazara da saurin taka birki, a daidai lokacin da take ƙara wa mutum jin ya ƙware. Shi ya sa direban da ya sha yake yanke shawarar wuce tirela a kwanar da da hankalinsa ba zai taɓa gwadawa ba.

3. Da daddare na sha, na yi barci, na yi wanka, na ci goro. Da safe ma akwai matsala?

Akwai. Hanta ce take fitar da barasa, kuma ba ta da gaggawa: wajen 0.015 take ragewa a awa guda. Wanda ya kwanta ƙarfe 12 na dare jininsa na 0.15, idan ya tashi ƙarfe 6 zai ɗauki lodin farko daga tashar Muda Lawal zuwa Jos, yana nan wajen 0.06. Har yanzu ya haura. Goro, kofi, shayi mai kauri, ruwan sanyi, citta da kanumfari suna buɗe ido ko su rufe wari, amma ba sa rage ko ɗigo a jini. Na'urar da aka yi bayani a tambaya ta 6 iskar huhu take aunawa, ba warin baki ba.

4. Ni ban taɓa shan giya ba. Tiramol nake sha don in jure doguwar tafiya. Wannan ma laifi ne?

Laifi ne, kuma a gaskiya a tashoshinmu wannan ya fi giya yawa. Direba zai rantse maka bai san ɗanɗanon barasa ba, alhali ya haɗiye ƙwaya uku da lemon ƙara kuzari kafin ya kama hanyar Maiduguri. Dokar ta ambaci ƙwayoyi masu sa maye tare da giya. Wiwi, kodin, sholisho da magungunan barci duk suna ciki. Tiramol mai yawa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, ka ƙaddara ta zo wa mutum yana kan gadar Dindima da fasinja goma sha takwas.

Akwai kuma ƙari. Idan aka samu ƙwayar ko wiwin a aljihunka ko a cikin mota, magana ta tashi daga laifin hanya ta koma hannun NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, shari'arta kuwa a Babbar Kotun Tarayya ake yi, kuma hukuncinta na shekaru ne. Tun watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Wanda likita ya rubuta wa magani mai sa barci, ya riƙe takardar asibiti, za ta kare shi daga zargin mallakar ƙwaya. Ba za ta ba shi izinin tuƙi yana gyangyaɗi ba.

5. Su wa ke da ikon tsayar da ni?

'Yan rod sefti, waɗanda aka kafa hukumarsu a 1988, an fi ganinsu a manyan hanyoyi: ta Jos, ta Gombe, ta Ningi zuwa Kano, ta Darazo. 'Yan sanda suna da iko a ko'ina, kuma duk haɗarin da aka ji rauni ko aka mutu wurinsu yake ƙarewa, a sashen 'yan tarafik. A cikin gari akwai jami'an BAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jiha, da na VIO masu duba lafiyar mota da takardu. Hisba kuma shan kansa ne damuwarta, ba tuƙin ba, kamar yadda za ka gani a tambaya ta 11. Ana iya tsayar da kai a hannun wannan, a miƙa ka ga wancan.

6. Yaya ake tabbatar da cewa na sha? Zan iya ƙin hura na'urar?

Na'urar ƙarama ce kamar rediyon hannu, da ɗan bututu a kanta. Za ka hura na 'yan daƙiƙoƙi, lamba ta fito. Ka nemi a sa sabon bututu a gabanka, a nuna maka lambar, a rubuta ta tare da lokacin da aka auna. Idan ka kurkure baki da ruwan wankin baki mai barasa ko ka yi amai ba da jimawa ba, ka faɗa, ka roƙi a jira minti 15 zuwa 20 a sake aunawa, domin abin da ya rage a baki yana ɗaga lambar. Idan ana da shakka, ko ƙwaya ake zargi, asibiti ake zuwa a ɗauki jini ko fitsari.

Ƙin hurawa ba ya rufe magana. Ka tuna fuska ta biyu a tambaya ta 1: jami'i zai iya shaida wa kotu cewa motarka tana tangaɗi, harshenka ya karye, idonka ya kaɗa, ga kwalba a ƙarƙashin kujera, fasinjoji ma su ba da tasu shaidar. Ga wanda bai sha ba kuwa, gwajin ne babban mai cetonsa. Mai ciwon suga da sugansa ya faɗi yana layi da kakkarwa kamar bugagge, haka wanda ya bugu a ka. Irin wannan ya dage a kai shi asibiti.

7. An riga an tsayar da ni kuma na san na sha. Me zan yi a wurin?

Ka faka, ka kashe mota, ka miƙa lasisi da takardu, ka yi magana a hankali. Ka kira wani naka mai hankali ya zo. Iyakar ke nan.

Abubuwa uku ne suke mayar da ƙaramar magana babba. Gudu: wanda ya taka mota don ya tsere ya sayi tuhumar tuƙin ganganci, tarar naira 50,000 ko ɗauri har shekara biyu, ban da wanda zai iya bankewa a hanya. An gudu ba a tsira ba. Hannu: taɓa jami'in rod sefti laifi ne mai zaman kansa, tarar naira 10,000 a takardarsu, kuma 'yan sanda suna iya kai ka kotu a kansa daban. Sai miƙa na goro: yunƙurin ba jami'i cin hanci shi ma naira 10,000 ne, ninki biyu na tarar mayen kanta.

Na taɓa zuwa belin wani yaro mai Keke, bai wuce shekara ashirin da biyu ba. Da ya tsaya, tikiti za a yanka masa. Sai ya juya da gudu ya shiga lungu, ya ture teburin wata mai ƙosai, tafasasshen mai ya zube wa 'yarta a ƙafa. Da na same shi a bayan kanta washegari, mayen ya sake shi, yana zaune ya haɗa kai da gwiwa, tambayar da yake ta maimaitawa ita ce ko yarinyar za ta taka. Ta taka, amma wata uku ana wankin ƙuna, kuma Keken da bai gama biyan kuɗinta ba ita aka sayar.

8. Mene ne hukuncin idan ba a yi haɗari ba?

A jadawalin laifukan rod sefti, tuƙi cikin maye tarar naira 5,000 ce da maki 5 a kan lasisi. Wannan adadin ne yake yaudarar mutane, har ka ji ana cewa ai kuɗin man rabin yini ne. Amma dokar da ta faɗi naira 5,000 ita ce ta ce kotu na iya ɗaure mutum har shekara biyu, ko ta haɗa masa tara da ɗauri, kuma tana iya hana shi riƙe lasisi na wani lokaci. Alƙali yana duba ko karon farko ne, ko akwai fasinja a motar, da yadda ka yi da jami'ai.

Sannan da wuya laifin ya zo shi kaɗai. In babu lasisi, naira 10,000. In inshora ta ƙare, wata tarar. Makin kuma taruwa suke yi: gargaɗi, dakatarwa, daga nan a karɓe lasisin.

9. An yanka mini tikiti an riƙe motata. Ina zan biya, yaushe zan karɓe ta?

Ba a biyan tara a hannun jami'i. Ana biya ta Remita, tsarin biyan kuɗi ga gwamnati, a banki ko ta waya, kuɗin ya shiga asusun gwamnatin tarayya, ka kai rasit ofishin da aka rubuta a tikitin. Kwana bakwai ne wa'adin tikiti, in ka yi biris ana iya gurfanar da kai. Yawanci sai ka zauna an yi maka bita kan dokokin hanya kafin a sake ka. Motar da ta wuce awa 24 a hannunsu tana fara tara kuɗin ajiya, naira 200 kowace rana, kuma wadda aka yi watsi da ita wata shida hukumar na iya neman kotu ta ƙwace ta.

Idan ranar da aka kama ka kotun tafi-da-gidanka tana zaune, a nan gefen hanya majistare zai saurare ka. Kada rumfa da benci su sa ka raina ta. Kotu ce cikakkiya, abin da ta yanke hukunci ne, kuma kana da damar cewa ba ka amsa laifi ba. Duba tambaya ta 15 kafin ka buɗe baki. Motar da ta yi haɗari kuma lissafinta daban: tana zama shaida, VIO ya duba ta, ba ta fita sai da izinin 'yan sanda ko umarnin kotu.

10. An tsare ni a caji ofis. Wane haƙƙi nake da shi?

Tsarin Mulkin 1999 ya ba ka damar yin shiru har sai ka ga lauya ko wani da ka zaɓa. Dole a sanar da kai dalilin kamun a rubuce cikin awa 24 da harshen da kake ji. Dole a kai ka kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. A kotu, in ba ka jin Turanci, tafinta kyauta ne. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a kan bayanin da ba a karanta maka ba, kuma kada ka ba da bayani maye bai sake ka ba. Duka ko azabtarwa don a tilasta maka amsawa laifi ne a ƙarƙashin dokar hana azabtarwa ta 2017.

Belin 'yan sanda kyauta ne a doka, abin da ake bukata mai tsaya maka ne da katin shaida da adireshi sananne. Mace tana iya tsayawa. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama mahaifinka ko matarka a madadinka. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa, tana da reshe a Bauchi.

11. Ni Musulmi ne. Za a iya kai ni kotun Shari'a a kan shan kansa?

Za a iya. Jihar Bauchi ta fara aiki da Shari'a a 2001, zamanin Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu, kuma a ƙarƙashinta shan giya laifi ne ga Musulmi ko bai taɓa sitiyari ba. Tun kafin nan ma Final Kod, kundin dokokin laifuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya sa shan giya laifi ga Musulmi. Don haka abu biyu ne: tuƙin laifi ne ga dokar hanya, shan laifi ne ga Shari'a. Biyan tarar rod sefti bai share na biyun ba.

A mazhabar Malikiyya da kotunanmu suke bi, haddin shan giya bulala tamanin ne. Yana tabbata da iƙirarin mutum, ko shaidar adalai biyu da suka gan shi yana sha, kuma Malikiyya sun karɓi shaidar adalai biyu a kan warin giya a bakinsa. Wanda aka tilasta wa, ko ya sha bai san mene ne ba, babu haddi a kansa, kuma ba a tsayar da haddi sai mutum ya wartsake.

Wanda ba Musulmi ba, kamar da yawa daga 'yan'uwanmu na Tafawa Ɓalewa, Bogoro da Yelwa, wannan haddin bai hau kansa ba, kotun majistare ce tasa. Amma dokar hanya ba ta tambayar addini. Iyakar 0.05 ɗaya ce ga kowa.

12. Na buge mutum. Ya ji rauni, ko ya rasu. Yanzu fa?

Kafin komai, ran da ke kwance. Ka kira 122, layin gaggawa na rod sefti, ko 112. A kai shi asibiti mafi kusa, in abin ya yi tsanani a wuce Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ko babban asibitin tarayya na Azare ga na wancan yankin. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa. Idan jama'a sun taso maka har kana tsoron ranka, ka tafi, amma kai tsaye zuwa caji ofis mafi kusa, ka ce ga abin da ya faru a wuri kaza. Tsakanin wanda ya kai kansa da wanda aka zaƙulo bayan kwana huɗu a gidan ƙanwar uwarsa akwai tazara mai nisa a idon alƙali, da kuma a zuciyar dangin mamaci.

Ta fuskar hukunci, an bar maganar naira 5,000. Jawo mutuwa ta hanyar tuƙin ganganci ɗauri ne har shekara bakwai a dokar hanya, kuma mai gabatar da ƙara yana iya ɗaukar tuhumar kisa ba da niyya ba a ƙarƙashin Final Kod. Irin wannan fayil yakan je ma'aikatar shari'a don neman shawara, beli ya yi wuya, mutum ya yi makonni ko watanni a gidan gyaran hali yana jira. Shaidar maye ita ce take mayar da abin da za a kira tsautsayi ya zama ganganci.

13. Dangin wanda abin ya shafa sun ce sun yafe. Shari'a ta ƙare ke nan?

Tsugune ba ta ƙare ba. Haƙƙi biyu ne: na mutanen da aka cuta da na hukuma. Dangi suna iya yafe nasu, amma laifin hanya ƙarar gwamnati ce, ita kaɗai take janyewa. Sulhu dai yana da nauyi ƙwarai wurin sassauci. A yi shi a rubuce, da shaidu, a gaban mai unguwa ko limami ko shugabannin ƙungiyar direbobi, a kai wa kotu kwafi, a riƙe rasit na duk abin da aka kashe a asibiti.

A Musulunci kisan kuskure yana da diyya da kaffara, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i, aya ta 92. Asalin diyya raƙuma 100 ne ko dinari 1,000 na zinariya, wato sama da kilo huɗu, kuma dangin mai laifi na wajen uba suke haɗuwa su ɗauka. Magada suna iya yafe ta duka ko su rage. Kaffara kuwa, azumin wata biyu a jere, tana kan wanda ya yi, yafiyar dangi ba ta sauke ta.

A nan ina da magana da masu zuwa roƙo. Na sha zama inda manya suka cika zaure, aka yi ta "ƙaddara ce, a bar wa Allah", har matar mamaci ta ji nauyin buɗe baki, aka shafa fatiha aka watse, aka bar ta da yara biyar da buhun masara ɗaya. Ƙaddara gaskiya ce, amma wanda ya sha ya kama sitiyari da zaɓinsa ya yi. Rabon marayu ƙanana a diyya ba abin da baffa zai yafe don kunyar baƙi ba ne. Idan da gaske kuke neman gafara, ku ɗauki kuɗin makarantar yaran, ku rubuta, ku cika.

14. Zan iya kare kaina da cewa ban san abin da nake yi ba saboda maye?

A'a. Wanda ya sha da son ransa, doka tana ɗaukarsa kamar yana da sanin da zai kasance da shi da bai sha ba. A tuhumar tuƙi cikin maye ma, wannan maganar amsa laifi ce kai tsaye. Kariyar da ake saurara ita ce ta wanda aka zuba wa abu a lemo ko shayi bai sani ba, ko aka ɗura masa da ƙarfi, kuma shi zai kawo hujja: gwajin asibiti da wuri, da shaidun inda ya zauna.

15. In amsa laifi ne ko in musanta?

A kotun majistare za a karanta maka takardar ƙarar 'yan sanda, wadda ake kira FIR, a tambaye ka ko ka gane, ko ka amsa. Ka saurari kowace tuhuma daban. Mutane da yawa suna cewa "haka ne" don a gama su tafi gida, ba su lura an haɗa da tuƙin ganganci ko dukan jami'i ba. Kana iya amsa ɗaya ka musanta ɗaya.

Idan karon farko ne, babu wanda ya ji ciwo, kuma ka san ka sha, amsawa da neman sassauci ya fi jan shari'a, ga shi kuma ita ce gaskiya. Ka faɗi iyalin da kake ci da su, ka nuna matakin da ka ɗauka na dainawa. Tun dokar gidajen gyaran hali ta 2019 an ƙarfafa hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin yi wa al'umma hidima. Idan kuwa akwai rauni ko rai, kada ka ce komai sai lauyanka yana tsaye. Wanda aka ba beli ya halarci kowane zama, rashin zuwa sau ɗaya yana jawo sammacin kamu, ya kuma jefa wanda ya tsaya masa cikin wahala. Ɗaukaka ƙara tana da wa'adi, yawanci kwana 30.

16. Inshora za ta biya? Kuma ni mai mota ne, direbana ne ya sha. Ina da laifi?

Inshorar dole ta motar gida ta koma naira 15,000 daga 1 ga Janairun 2023, tana ɗaukar ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3, da rauni ko mutuwar wanda aka buge. Motarka kai ba ta ciki. Babbar inshora mai ɗaukar motarka kuwa kusan kullum tana da sharaɗin cewa ba ta biya idan direba yana cikin maye. Ka sanar da kamfanin da wuri, kuma ka tabbata takardar ta gaskiya ce, domin ta bogi da ake yankawa a bakin ofishin lasisi ba ta biyan ko sisi.

Mai mota ba a ɗaure shi don direbansa ya sha, sai in ya san halin da yake ciki ya miƙa masa makulli. Amma a ƙarar neman diyya ana haɗa mai mota da direba idan a bakin aiki abin ya faru, kuma lauyoyi sun san wa yake da abin biya. Masu ba da mota balas, ku dubi adadin da kuke yankawa. Wanda aka ɗora wa Bauchi zuwa Gombe sawu uku a yini, an nuna masa hanyar mai ƙwaya (tambaya ta 4).

17. Wannan zai taɓa aikina ko tafiyata waje?

Tikitin da aka biya yana zama a kundin rod sefti. Hukuncin kotu kuwa tarihi ne da yake bin mutum. Direban kamfani ko na ma'aikata yawanci a ranar yake rasa aiki. A dokokin aikin gwamnati buguwa rashin ɗa'a ce, kuma hukuncin kotu a kan laifin da ya wuce ƙaramin laifin hanya yana iya kaiwa ga kora. Takardar neman bizar Amurka da ta Ingila suna tambayar tarihin laifi. Ka faɗi gaskiya, domin ƙaryar da aka gano ta fi laifin kansa rufe ƙofa.

18. Ɗana ne aka kama. Mahaifinsa ya ce babu ruwansa. Me zan yi?

Mahaifiyar yaron tana da gaskiyar zuwa, kuma ina roƙon Malam ya sassauto. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Fushi daidai ne, amma yaron da babu wanda ya zo masa shi ne yake dangwala hannu a takardar da bai karanta ba, shi ne yake daɗewa a tsare a kan abin da kwana biyu ya isa. Na san wata dattijuwa da ta yi zaman kotu bakwai a gindin darbejiya da kwanon tuwo ɗaure a ɗankwali, ba ta taɓa cewa ɗanta bai yi laifi ba, ba ta kuma taɓa fashi ba. Ku je da namiji ko mace mai katin shaida, ku tambayi sunan ɗan sanda mai binciken da ainihin tuhumar, ku rubuta. Ku bi abin da ke tambaya ta 10. In akwai wanda aka ji wa ciwo, wani ya wuce asibiti a ranar, kada a jira sai an neme ku.

Abu ɗaya da iyaye ba su cika sani ba: wanda ya daɗe yana shan giya kullum, idan ta yanke masa farat ɗaya, kamar yadda take faruwa a tsare, jikinsa yana iya rikicewa cikin kwana biyu zuwa uku. Kakkarwa, zufa, gane-gane, jijjiga. Ba aljanu ba ne, ba kuma iya shege ba ne, yana iya kisa. In kun ga alamar haka ku gaya wa Difi'o ko lauya a kai shi asibiti nan take. Bayan ya fito, sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa yana duba masu fama da shaye-shaye, NDLEA ma tana da masu ba da shawara da layin kira kyauta, 0800 1020 3040. Makullin motar kuma ya zauna a hannunku har sai likitan da yake duba shi ya ce ya isa ya koma hanya.